Ƙananan Halittun da Ke Taimakon Shuka a Ƙasa Mai Gishiri da Kanwa

Barkanmu da sake haɗuwa a shafin kimiyya na jaridarmu ta bango. A wannan fitowa gona za mu leƙa.

Waɗanda iyayensu ke noman rani a cikinmu wataƙila sun taɓa ganin wani yanki na gona da ya yi fari fat a sama kamar an barbaɗa masa gari. An zuba taki, an ba da ruwa a kan kari, amma tumatir ko albasar da ke wurin ta tsumbure. Bakin ganyen ya ƙone, da rana shukar ta yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Wani manomin ya ce tsutsa ce, wani ya ce irin ne ba shi da kyau, wani kuma ya sayo ƙarin buhun taki. Sau da yawa abin da ke damun wurin gishiri ne ko kanwa da suka taru a cikin ƙasar.

Matsalar ta game duniya. A shekarar 2021 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da taswirar da ta nuna fiye da hekta miliyan 833 na ƙasa da gishiri ya shafa. Rahoton da ta fitar a 2024 ya kai adadin kusan hekta biliyan 1.4, wato kashi 10.7 cikin 100 na doron ƙasa. Daga cikin dabarun da masana ke gwadawa akwai wata mai ban mamaki: amfani da bakteriyar da ke zaune a cikin ƙasa don ta taimaki shuka ta rayu a irin wannan wuri. Ita za mu yi bayani, mu ga abin da take iyawa da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Daga ina gishirin yake zuwa?

Duk ruwan kogi, na rijiya da na burtsatse yana ɗauke da ɗan gishiri narkakke, ko da harshe bai ji shi ba. Idan aka zuba shi a gona, shuka ta sha nata, rana ta ƙafar da sauran, gishirin ba ya bin tururi. A wurin yake zama.

Bari mu yi lissafi da misali. A ce ruwan da ake ban-ruwa da shi yana da rabin giram na gishiri a kowace lita, kuma hekta ɗaya ta sha lita miliyan 5 a rani guda. Gishirin da aka shigar wa gonar ya kai kilo 2,500, daidai da buhu 50 masu kilo hamsin-hamsin. Idan damina ta yi ƙarfi kuma ruwa na samun hanyar wucewa, za ta wanke mafi yawansa zuwa can ƙasa. Idan babu magudanar ruwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso kusa da sama, zafin rana ya riƙa jawo shi, gishirin ya riƙa taruwa shekara bayan shekara. Shi ya sa matsalar ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama.

Ƙasa mai gishiri daban, mai kanwa daban

A ƙasa mai gishiri, ƙishirwa ce babbar damuwar shuka. Ku tuna abin da ke faruwa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir: cikin mintuna kaɗan ruwa zai tsattsafo. Ruwa yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa, abin da muka karanta a darasin bayoloji da sunan osmosis. To haka saiwa take fama. Ruwa na kewaye da ita amma jawo shi ya yi mata wuya. Bayan haka sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin yana kutsawa jikin shuka ya tare wurin fotasiyam, wanda take buƙata wajen buɗe ƙananan ƙofofin ganyenta da sauran ayyuka. Idan sodiyam ya taru a ganye, sai bakinsa ya ƙone.

Ƙasa mai kanwa kuwa tana da ƙarin matsala. Kanwar da iyayenmu mata ke jefawa a miyar kuɓewa ko a tukunyar wake, wadda ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, ita ma sodiyam ce haɗe da kabonet. Irin wannan sinadari idan ya yi yawa a gona yana ɗaga ma'aunin pH. A wannan ma'auni 7 ne tsaka-tsaki, abin da ya gaza 7 yana da tsami, abin da ya haura 7 yana ɓangaren kanwa. Yawancin amfanin gona sun fi son tsakanin 6 da 7.5. Ƙasa mai kanwa takan wuce 8.5, wani wurin har 10.

A irin wannan ƙasa sodiyam yana wargaza ƙwayoyin laka, su toshe 'yan ramukan da iska da ruwa ke bi. Da damina ruwa ya kwanta ya ƙi nitsewa, da rani wurin ya daskare kamar siminti. Sannan abincin shuka irin su fosfaras, ayon da zinki suna nan a ƙasar amma a ɗaure, saiwa ba ta iya ɗaukarsu. Manomi ya sayi taki da tsada, ƙasa ta kulle shi.

Ba kowace bakteriya ce ƙwayar cuta ba

Da yawanmu da mun ji an ce bakteriya, kwalara da taifot ne ke faɗo mana a rai. Masu sa cuta kaɗan ne a cikinsu. Giram ɗaya na ƙasa mai kyau zai iya ɗaukar bakteriya miliyoyin ɗaruruwa, har zuwa biliyan, kuma sun fi cunkushewa a jikin saiwa da kewayenta. Dalili kuwa shi ne shuka tana tsiyayar da sukari da wasu sinadarai ta saiwarta, su kuma su taru su ci. Wani masani Bajamushe mai suna Lorenz Hiltner ne ya ba wannan yanki na kewayen saiwa suna na musamman a shekarar 1904.

Zaman na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma akwai misalinsa da kowa zai iya gani da idonsa. Idan kuka tuge wake ko gyaɗa a hankali, za ku ga 'yan ƙullutai manne a saiwar. Gidajen wata bakteriya ne mai suna Rhizobium da danginta. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya amfani da ita kai tsaye. Wannan bakteriya ce ke juya ta zuwa abincin da shuka ke iya ci. Masana biyu a Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886, sannan Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya ware bakteriyar a 1888. Manomanmu sun daɗe da sanin cewa gonar da aka yi wake a cikinta tana yin ƙarfi, haka ma ƙarƙashin gawo. Gawo ma ɗan gidan su wake ne, yana da irin waɗannan abokan zama a saiwarsa.

Yadda suke taimakon shuka a cikin gishiri

Akwai bakteriyar da ta saba da gishiri, ba ya kashe ta. Masana sun gano hanyoyi da dama da take bi wajen taimakon shuka. Ga biyar daga ciki.

Na ɗaya, kwantar wa shuka da hankali. Shuka tana fitar da wata iska mai suna etilin, wadda ita ce ke sa ayaba da mangwaro su nuna da wuri idan an rufe su. Idan shuka ta shiga wahala, kamar ta gishiri, sai ta yi ta fitar da etilin fiye da kima. Yawanta yana tsayar da girman saiwa, ya sa ganye ya yi ɗorawa ya zube. Shuka tana ƙera etilin ne daga wani sinadari da ake kira ACC. Wasu bakteriya kuma suna da abin da suke farfasa ACC da shi, su mayar da shi abincinsu. Idan sun cinye wani kaso, etilin ta ragu, saiwa ta ci gaba da tsawo. Farfesa Bernard Glick na Jami'ar Waterloo a Kanada yana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kan wannan. A wani bincike da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2004, sun ɗauko bakteriya mai suna Achromobacter piechaudii daga ƙasar hamadar Arava a kudancin Isra'ila, suka sa wa dashen tumatir. Tumatirin da aka sa wa ya fi wanda ba a sa wa ba girma da nauyi, ko da ruwan da ake ba su ya kai kimanin giram 10 na gishiri a lita. Don kwatance, ruwan teku yana da kimanin giram 35.

Na biyu, ƙara yawan saiwa. Bakteriya irin su Azospirillum suna fitar da oksin, sinadarin da ke sa shuka ta fitar da ƙananan saiwoyi da gashin saiwa. Saiwa mai yawa ta fi laluben ruwa da abinci.

Na uku, kwance abincin da ƙasa ta ɗaure. Wasu daga dangin Bacillus da Pseudomonas suna tsiyayar da ruwa mai ɗan tsami a kewayen saiwa. Wannan tsami yana narkar da fosfaras ɗin da ya daskare. Wasu kuma suna fitar da sinadarin da ke kamo ayon ya kawo shi kusa da saiwa.

Na huɗu, yauƙi. Akwai bakteriyar da ke lulluɓe kanta da saiwa da wani abu mai yauƙi kamar na kuɓewa. Yauƙin yana riƙe danshi, yana kama wani kaso na sodiyam kafin ya shiga saiwa, yana kuma manne ƙwayoyin ƙasa su zama 'yan dunƙule-dunƙule, iska da ruwa su sami hanya.

Na biyar, samar da naitirojin. Ban da Rhizobium mai zama a ƙullutun wake, akwai Azotobacter da ke zaune a ƙasa kawai, tana kamo naitirojin daga iska, hatsi irin su shinkafa da alkama su amfana.

Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Halittar da ido ba ya gani sai da madubin ɗakin gwaje-gwaje, ga irin aikin da take yi.

Abin da aka yi a Indiya

Don mu ga yadda abin yake a gonar manomi, mu duba ƙasar Indiya, inda aka daɗe ana kokawa da wannan matsala. Ƙasar tana da kimanin hekta miliyan 6.7 da gishiri ko kanwa suka shafa. A jihar Uttar Pradesh kaɗai akwai fiye da hekta miliyan 1.3. Manoman can suna kiran irin wannan fili da suna usar, wato fako marar amfani. A 1969 gwamnatin ƙasar ta kafa cibiyar binciken ƙasa mai gishiri, wadda ake taƙaita sunanta da CSSRI, kuma hedikwatarta na garin Karnal a jihar Haryana.

Cibiyar ba da bakteriya ta fara ba. Ta fara ne da jifsam, wani farin dutse mai laushi da ake sa wa a siminti, wanda a Najeriya ma ana haƙo shi a jihohin Sakkwato da Yobe. Jifsam yana ɗauke da kalsiyam, shi kuma kalsiyam yana ture sodiyam daga jikin laka. Manomi zai daidaita gonarsa, ya ɗaga mata kunya a kewaye, ya watsa garin jifsam ya cakuɗa da ƙasar sama, sannan ya cika ta da ruwa na wasu kwanaki don sodiyam ɗin ya bi ruwa ya nitse. Daga nan ya dasa shinkafa, bayanta ya shuka alkama, sannan ya shuka wani tsiro ɗan gidan su wake da suke kira dhaincha, ya nome shi cikin ƙasa tun yana ɗanye ya zama taki. Cibiyar ta kuma fitar da irin shinkafa da alkama masu jure gishiri, kamar shinkafar CSR 36 da alkamar KRL 210. Da wannan tsari aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 2.

Amma jifsam yana da nauyi da tsada, domin hekta ɗaya takan ci tan da yawa. Kuma ƙasar da aka wanke takan fito da ƙarancin halittu masu rai a cikinta. A nan bakteriya ta shigo. Masana na reshen cibiyar da ke birnin Lucknow suka shiga filayen usar ɗin kansu, suka ɗebo ƙasa daga saiwoyin ciyayin da suka iya rayuwa a wurin, suka ware bakteriyar da ke ciki, suka gwada, suka zaɓi masu amfani. Daga nan aka haɗa ruwan magani irin su Halo-Azo mai samar da naitirojin, da Halo-PSB mai narkar da fosfaras, da CSR-BIO wanda ya haɗa bakteriyar Bacillus da wani naman gwari mai amfani da ake kira Trichoderma. Manomi yana cuɗa iri da su, ko ya tsoma saiwar dashen shinkafa a ciki kafin dasawa, ko ya gauraya su da takin dabbobi ya watsa a gona.

Ku lura da abubuwa biyu a wannan labari. Daga cikin ƙasar mai matsalar aka samo bakteriyar, domin wadda ta taso a wurin ita ta san yadda ake rayuwa a cikinsa. Sannan ba ita kaɗai aka bari da aikin ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Wannan shi ne abin da muke so kowa ya tafi da shi gida. Bakteriya tana taimakon shuka ta jure gishiri, amma ba ta kwashe gishirin daga gona. Buhu 50 ɗin da muka lissafa suna nan har sai ruwa mai kyau ya wanke su, kuma ruwan ya sami magudanar da zai bi ya fita. Duk wanda ya zo wa mahaifinka da kwalba ya ce ita kaɗai za ta gyara fakon da ya yi fari, to a yi hattara da shi.

Haka kuma abin da ya yi kyau a tukunyar gwaji ba kullum yake yin haka a gona ba. A gona akwai zafin rana, akwai fari, akwai kuma bakteriyar da ta riga ta zauna a wurin, wadda za ta yi gogayya da baƙuwar. Ƙasar da ba ta da takin dabbobi ko ruɓaɓɓen ganye ba ta da abincin da za ta riƙe su. Kuma kowace shuka da tata abokiyar: bakteriyar waken soya ba lalle ta yi wa gyaɗa aiki ba.

A tuna kuma cewa abu ne mai rai. Idan aka bar ledar a rana ko kwananta ya ƙare, mushe aka saya. Shi ya sa ake ajiye ta a wuri mai sanyi, a cuɗa iri da ita a inuwa, a shuka a ranar.

Mu ina ruwanmu?

Noman rani yana ƙara faɗaɗa a garuruwanmu, injinan ban-ruwa da burtsatse suna ƙara yawa, ga kuma zafin rana da muke da shi. Dokar da ta tara gishiri a Uttar Pradesh ba ta san iyakar ƙasa ba. Rigakafi ya fi magani: a gyara magudanar ruwa, a daina cika gona da ruwa fiye da buƙata, a yawaita takin gargajiya, a riƙa sako wake da gyaɗa cikin juyin shuka, a kuma nemi malamin gona da zarar an ga fari-fari a saman ƙasa.

Amfani da bakteriya a gona ma ba baƙon abu ba ne a Najeriya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana yin NoduMax, bakteriyar da ake cuɗa irin waken soya da ita, kuma da ƙaro ake manna ta a jikin irin. An yi ta ne don samar da naitirojin, ba don gishiri ba, amma ta nuna cewa aikin yana yiwuwa a nan gida. Akwai ciyayi da bishiyoyi da ke rayuwa a bakin tafkunan kanwa na yankin Chadi da Manga, kuma kowannensu yana da ƙananan halittu a saiwarsa. Ɗebo su, ware su da gwada su aiki ne na masu ilimin kimiyya. Wa ya sani ko a cikin masu karanta wannan bango akwai wanda zai yi shi?

Gani ya kori ji

Ga gwaje-gwaje uku da za mu iya yi a makaranta, da izinin malamin aikin gona ko na bayoloji.

Na farko, a tuge wake ko gyaɗar da ta fara fure, a wanke saiwar, a tsaga ƙullutu ɗaya da reza a hankali. Idan cikinsa ja-ja ne, bakteriyar tana kan aiki. Idan fari ne ko kore, ba ta yi.

Na biyu, a jiƙa zoɓo a tace, ba tare da sukari ba, a raba shi kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, zai ƙara ja. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai yi duhu ya koma wajen kore. Sai a kaɗa ƙasar da ake zargi da ruwa mai tsabta, a bari ta kwanta, a tsiyayi ruwan saman a zuba a kofi na uku. Idan launin ya karkata zuwa na kofin kanwa, alama ce ta cewa a kai ƙasar a auna ta da ma'auni na sosai.

Na uku, a sami gwangwani 12 masu huji a gindi, a cika su da ƙasa iri ɗaya, a shuka waken soya, a raba su gida huɗu. Gida na farko iri zalla da ruwa zalla. Na biyu irin da aka cuɗa da bakteriya da ruwa zalla. Na uku iri zalla da ruwan da aka sa wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kowace lita. Na huɗu iri mai bakteriya da ruwan gishirin. A riƙa auna tsayi da ƙirga ganye duk mako har mako shida, sannan a tuge a ƙirga ƙullutai. Abin da aka gani shi za a rubuta, ko da bai yi daidai da abin da aka zata ba, domin haka ake kimiyya.

Duk ajin da ya yi ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje ya kawo mana sakamakonsa, za mu liƙa shi a nan tare da sunan ajin. Wanda kuma ya je gida hutu, ya leƙa gonar rani ya tambayi iyaye ko akwai inda ƙasa ke yin fari, da abin da suke yi mata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.